HAƘƘIN MAI CIKI A KAN MIJINTA: ABINCI DA MOTSA JIKI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, karatunmu na wannan mako ya shafi mace mai ciki, da abin da ya wajaba a kan gidanta bayan ta komo daga awo.

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Ciki kuwa yakan ɗauki misalin kwana 280. In an cire kwana 8 na awo, saura kwana 272, waɗannan kuwa a hannun maigida suke. Ungozomar asibiti za ta auna, ta ba da magani, amma ba ita ke yin cefane ba.

Shari'a ba ta bar wannan al'amari sakaka ba. Aya ta 14 ta Suratu Luƙman ta tuna mana irin raunin da uwa take shiga sa'ad da take ɗauke da ɗa. Aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta umurci miji ya ciyar da matar da ya saki, muddin tana da ciki, har ta sauka. To, in wadda aka rabu da ita tana da wannan haƙƙi, ina ga wadda take zaune a ɗakinta?

Mu dubi ƙasar Haɗejiya. Allah Ya hore mata fadama wadda ba kowace ƙasa ta samu irinta ba. Daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri ana noman shinkafa da alkama da kayan lambu, ana kama tarwaɗa da karfasa, ga kuma nonon Fulani. Amma sau da yawa masunci yakan sayar wa fatake kifinsa ƙaf, ya biya wurin mai shayi ya ci ƙwai, ya dawo ya tarar da matarsa mai cikin wata bakwai tana cin tuwo da miyar da ba ta ga ko ƙashin kifi ba. Wannan ba talauci ne kaɗai ba, har da rashin sanin haƙƙi.

Likitoci sun bayyana cewa jinin mace yakan ƙaru da kusan rabi a lokacin ciki, jini kuwa ba ya ginuwa sai da sinadarin ƙarfe. Saboda haka ake ba ta ƙwayar ƙarin jini mai miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe, tare da folik asid, ta sha kullum. Abinci shi ke taimaka wa ƙwayar: kifi, nama, ƙwai, wake, gyaɗa, zogale, alayyafo, da nonon da aka dafa. Lemo da gwaiba da tumatir suna sa jiki ya karɓi ƙarfen, shayi kuwa yana rage karɓarsa, don haka a nisanta shi da lokacin cin abinci. Mutanen bakin fadama su daɗa kula da gidan sauro, gama zazzaɓin cizon sauro yana cinye jinin mai ciki. Camfin nan kuwa da ake yi, wai in ta ci ƙwai ɗanta zai yi sata, ba shi da tushe a Littafi ko Sunna.

Game da azumi, Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito hadisin da ya nuna an yi wa mai ciki da mai shayarwa sauƙi. A mashhurin mazhabar Maliku, mai cikin da ta ji tsoro ga kanta ko ga abin da ke cikinta za ta sha azumi, ta rama daga baya, babu ciyarwa a kanta. Kada kunya ko maganar kishiya ta sa ta ƙi karɓar sauƙin da Ubangijinta Ya yi mata.

Sai batun motsa jiki. A nan matanmu sun kasu kashi biyu. Ta ƙauye aiki ya yi mata yawa: daka, ɗebo ruwa, ɗaukar itace, har ranar naƙuda. Ita sauƙi take bukata, miji ya kai hatsi inji, yara su ɗebo ruwa. Ta birni kuwa, wadda take cikin kulle, wani lokaci takan wuni a kan tabarma. Ita tafiya take bukata. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai cikin da likita bai hana ba ta samu minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, watau minti 30 sau biyar. Zagaya tsakar gida da sanyin safiya ya isa, ba tare da an keta sutura ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ashe motsa jikin mace ba abin kunya ba ne. Nana Maryamu ma, a aya ta 25 ta surarta, an umurce ta ta girgiza kututturen dabino kafin 'ya'yan su zubo, alhali Allah Yana da ikon sauko mata da su ba da motsinta ba. Malamai sun ce wannan darasi ne na riƙo da sababi tare da tawakkali.

Sai dai in an ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannuwa, ko gani ya dushe, a bar komai a nufi asibiti, kada a jira ranar awo, kada kuma a ce sai maigida ya dawo daga kasuwa. Ya kamata ya ba da izni tun da wuri, ya kuma ajiye kuɗin mota, musamman da damina sa'ad da ruwa yake datse hanyoyin ƙauyuka.

Ya kai ɗan'uwa, ragon suna sunna ne, ciyar da mai ciki kuwa wajibi ne. Kada ka yi wata tara kana tara kuɗin rago, mai ɗauke da ɗan tana ramewa. Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.