Filin Gwaggo: Mabuɗin ɗakinki a aljihun wa yake?

Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Dambatta da Makoɗa, sana'ata man gyaɗa da ƙuliƙuli. Bara da kaka maigida ya saya mini babbar waya. Ƙaninsa ne ya saita mini ita, ya buɗe mini Gmail da lambarsa, don a lokacin an toshe layina saboda NIN. Tun daga nan ko TikTok zan shiga ko Jiji, sai dai in taɓa tambarin Google, nan take ta buɗe. Ranar wani suna faccalata ta ce mini, "Leshin nan da kika ɗauki hotonsa jiya, nawa aka yi miki kuɗinsa?" Gwaggo, ban tura wa kowa hoton nan ba. Ga shi kuma ana 'yar tsama tsakanin maigida da ƙanin nasa kan iyakar gona. Leƙen asirina ake yi? In na faɗa wa maigida wuta za ta tashi, in na yi shiru abin na cin raina.
Daga 'yarki a Dambatta.

To, 'yata. Sha ruwa tukuna, kada ki yi wa kowa hukunci. Mai yiwuwa ba wanda ya bi ki da sharri. Idan asusun nan na Google yana buɗe a wayar ƙanin mijinki, kuma wayarki tana ajiye hotuna a Google Photos, to duk hoton da kika ɗauka yana iya faɗowa a tasa wayar ba tare da ya nema ba. Haka ma lambobin mutanen da kika adana. Wataƙila faccalarki ta ɗauki wayar mijinta ne za ta kalli fim, ta yi kiciɓis da leshi. Da da mugun nufi ne, da ba ta tambaye ki kuɗinsa a bainar jama'a ba.

Amma ki san abin da ke faruwa in kin taɓa tambarin nan. Shi TikTok ba ya karɓar kalmar sirrinki. Google ne yake tsaya miki, kamar yadda dillali a Dawanau zai ce, "Na san ta, a ba ta kaya." Yakan miƙa sunanki da adireshin imel ɗinki da hotonki, shi ke nan a buɗe miki ƙofa. Akwai sauƙi a ciki, don ba sai kin haddace kalmomin sirri goma ba. Illar ita ce, duk wanda ya riƙe asusun Google ɗin, ya riƙe sauran gaba ɗaya. Ki ɗauka ɗakinki da rumbunki da akwatin lefenki duk mabuɗi ɗaya ke buɗe su. Ba laifi ba ne, muddin yana ɗaure a bakin zanenki. Naki kuwa yana aljihun wani, tunda ko kin manta kalmar sirri, lambarsa za a tura wa saƙon gyara.

Ga abin yi. Ki shiga saitin wayarki, ki nemi asusun Google, ki buɗe sashen tsaro. In karatun ya yi miki wuya, ki zaunar da 'yarki ko ƙanwarki ta karanta, amma ke za ki danna da yatsanki. Ki sauya kalmar sirri, kada ki sa sunan ɗanki ko lambar wayarki. Ki cire lambarsa ki sa layin da aka yi wa rajista da NIN ɗinki. A nan za ki ga jerin wayoyin da asusun ke buɗe a cikinsu. Duk wadda ba taki ba, ki fitar da ita. Akwai kuma jerin manhajojin da kika taɓa shiga da Google, ki sallami waɗanda kika daina amfani da su. Daga ƙarshe ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, yadda ko wani ya san kalmar sirrin sai an nemi izini a wayarki.

Google na iya tura wa tsohuwar lambar saƙo kafin ya yarda da sauyin, don haka za ki bukaci haɗin kan ƙanin mijinki. A nan ne dabara take. Ki ce wa maigida, "Tunda layina ya dawo, ina so a mayar da wayata kan lambata." Kada ki ambaci leshi, kada ki ambaci gona. Shi kuma ƙanin miji ki yi masa godiya, don taimako ya yi a lokacin da kike bukata. In ya ƙi ba da haɗin kai, kada ki ja. Ki buɗe sabon asusu da layinki, ki kwashe lambobin masu sayen manki, ki cire tsohon daga wayar. Asarar mabiya a TikTok ta fi sauƙi a kan asarar zumunci.

*

Gwaggo barka da aiki. Ina noman rani a Watari. Ranar kasuwa aka zare mini waya a aljihu, kuma ban sa mata makulli ba. Komai nawa da Google da Facebook nake shiga. Ta ina zan fara?
Daga wani manomi a Ɓagwai.

Allah ya mayar maka da alheri, Malam. Fara da layi kafin komai, don shi ne uwar sauran: bankinka da BVN ɗinka da WhatsApp duk a kansa suke rataye. Ka kira kamfanin layin a toshe shi, ka sanar da bankinka a dakatar da cire kuɗi, sannan ka je ofishinsu da NIN ɗinka a yi maka walkam bak. Kada ka jira layin ya dawo kafin ka ari wayar amintacce ka shiga Google da Facebook, ka sauya kalmar sirri, ka fitar da wayar da aka sace. In ka gama ka fita daga ta aron ma. Ka kuma sanar da dangi da dillalan tumatirinka, kada a roƙe su kuɗi da sunanka.

Gaba kuma kada ka jingina komai ga kamfani ɗaya. Ka tuna ranar 4 ga Oktoba, 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida? Da yawa daga masu shiga wasu shafukan da Facebook a waje suka tsaya har aka gyara. Lambobin manyan abokan cinikinka, rubuta su a littafi.

Ku kuma 'yan'uwa masu kai sabuwar waya shagon caji a saita muku, kada ku tashi daga kan bencin nan sai kun ga lambarku aka sa, kuma ku kuka zaɓi kalmar sirri da kanku. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.