Darasi: Dusar da Muke Ba Awaki, Mai Ciwon Suga Na Bukatarta

'Yan uwa mata, ku duba littafin bashin ƙungiyarku. Sau nawa aka ci bashi don sayen maganin suga ko na hawan jini? Ciwo ne da ba ya tafiya, kuma kowane wata sai ya taɓa asusu. Shi ya sa yau za mu leƙa tukunya.

Akwai abin da ma'aikatan lafiya ke kira faiba. Shi ne ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa: dusar gero da dawa, ɓawon wake, zaren ganye, yauƙin kuɓewa. Idan yana cikin abinci, suga ba ya shiga jini gaba ɗaya, sai a hankali. Yana rage kitsen da ke toshe hanyoyin jini, yana sa bahaya ta yi laushi, mai basir ya huta da yunƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla giram 25 a rana.

A nan Yauri, Ngaski da Shanga Allah ya hore mana kifi da shinkafa. Kifi abinci ne mai kyau, amma babu faiba a cikinsa ko kaɗan. Shinkafa kuwa, idan inji ya goge ta fes, yawancin faibar ya tafi da dusa. Haka surfe: muna surfa dawa har ta yi fari don kada a ce ba mu iya tuwo ba, sai akuya ta ci rabon mara lafiya. Ni dai na fi son tuwon ya ɗan yi duhu.

To, a rage surfe, a wanke hatsin da kyau. Ranar shinkafa a haɗa ta da wake, ɓawonsa na jiki, ba kamar na ƙosai da alale da ake cirewa ba. A yawaita miyar kuka da kuɓewa, da kwaɗon zogale ko rama. Fura a sha ba suga.

A fara kaɗan-kaɗan, a sha ruwa sosai, in ba haka ba ciki zai kumbura. Kada kowa ta bar shan magani don ta canza abinci. Mai ciwon ƙoda kuma ta tambayi likita tukuna, don ba kowane ganye ko wake ya dace da ita ba.

Aikin mako: kowace ta lura da abin da aka ci a gidanta kwana uku. A taro mai zuwa, bayan zubi, za mu ƙirga sau nawa wake ko ganye ya shiga.