Bangaskiyar Da Ba Ta Tsoron Muhawara

Karatu: Daniyel 1:3-20

A wasu jami'o'in Amurka, ɗalibai sukan hana baƙo yin jawabi don ra'ayinsa yana ɓata musu rai. Yaron da iyaye suka kare daga kowace wahala, kalma ɗaya takan girgiza shi.

Daniyel ya yi shekara 3 a Babila yana koyon harshe da ilimin Kaldiyawa, cikin masu bautar gumaka. Bai toshe kunne ba, amma ya ƙi ƙazantar da kansa da abincin sarki, ya kuma bayyana matsayinsa cikin ladabi.

Iyaye, ku bar 'ya'yanku su yi tambayoyi masu wuya a gida tun kafin su tafi jami'a.

Addu'a: Ya Uba, ka ba 'ya'yanmu zuciya irin ta Daniyel, cikin sunan Yesu. Amin.