Amsoshin Tambayoyinku: Shinkafar Waje da Fasa-ƙwauri

Wani mai sauraro daga Tungar Guru, manomin shinkafa, ya tambaya: ta ina shinkafar waje ke shigowa har take karya farashin tamu?

To Malam, yawancinta daga Indiya da Tailan take. A Indiya gwamnati na tallafa wa manoma da taki da wutar ban-ruwa, shi ya sa take araha tun daga can. Har zuwa 2023 akan sauke ta a tashar Kwatano, a kai ta Nijar. Daga Nijar ake tsallako da ita ta ɓarauniyar hanya wajajen Illela da Jibiya, buhu biyu-uku a bayan babur, ba a biya ko kwabo na haraji ba. Wasu ma juye ta suke cikin buhun shinkafar gida don su ɓatar da sawu.

Tun 2016 aka hana shigo da ita ta iyakokin kan tudu, kuma Hukumar Kwastam na ƙwace kayan da abin hawan da ya ɗauko su, tana bin rumbunan ajiya. An rufe iyakokin kan tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Amma a ganinmu, kama yaron babur bai isa ba. Manyan dillalan da ke yo odar tireloli su ya kamata a gurfanar a kotu, don su ne ke cinye gumin manoman fadamun Gummi da Bukkuyum.