Amsar Tambaya: Gonata Ta Gaji

Tambaya: Malam, ni manomi ne a Mashi. Gonata ta gaji, iska kuma tana kwashe ƙasarta. Mene ne abin yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka sani ƙasa amana ce a hannun ɗan Adam, kuma maganin da kake biɗa yana cikin gonarka, domin manoman Maraɗi, waɗanda farin 1984 ya jarraba, sun farfaɗo da gonakinsu ne ta hanyar barin kututturan da ke tohowa lokacin sassabe, suna zaɓar rassa biyu ko uku mafiya ƙarfi suna renonsu. Ka fifita gawo, wanda hikimar Ubangiji ta sa yake zubar da ganye da damina, ya ƙosar da ƙasa ba tare da ya tare wa gero rana ba. Kada ka ƙone kara. Ka bar shi ya lulluɓe ƙasa, ka riƙa kai toka da takin dabbobi gona, iyalinka kuma su yi girki da murhu mai tsimin itace. Sa'an nan ku yi shawara da mai unguwa da makiyaya, domin itacen da jama'a suka yi ittifaƙi a kan kiyaye shi shi ne yake rayuwa, ladansa kuwa sadaka ce mai gudana. Allah ya ba mu damina mai albarka.