TF1, tashar telebijin da gwamnati ta saida

A ƙasar Faransa akwai wata tashar telebijin mai suna TF1. Ita ce ta girmi dukan tashoshin ƙasar. Shekaru masu yawa tana hannun gwamnati, amma yau ta wani kamfani ce. Ga yadda abin ya faru.

An fara nuna telebijin a birnin Faris ranar 26 ga watan Afrilu na shekara ta 1935. Ma'aikatar gidan waya ce ta ɗauki nauyin aikin. A ƙarshen wannan shekara aka ɗora na'urar watsa hoto bisa Eiffel, doguwar hasumiyar ƙarfe ta birnin. Hoton baƙi da fari ne, kuma mutane kaɗan ne ke da akwatin kallo.

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi a 1939, sai aka tsai da aikin. Jamusawa suka mamaye Faris. A 1943 suka sake buɗe tashar, don sojojinsu da ke kwance asibiti su samu abin kallo. Bayan yaƙi, gwamnatin Faransa ta ce ita kaɗai ke da izinin watsa rediyo da telebijin a ƙasar.

Ranar 29 ga watan Yuni 1949 aka nuna labaru karo na farko. Wani ɗan jarida, Pierre Sabbagh, shi ya shirya su. A lokacin akwatin telebijin yana da tsada ƙwarai. A wasu ƙauyuka, malaman makaranta suka riƙa tara gudummawa, a sayi akwati guda a ajiye cikin aji. Da dare manya da yara su taru su yi kallo tare.

Har zuwa 1964, wannan tasha ita kaɗai ce a Faransa. Kowane gida mai akwati yana biyan haraji sau ɗaya a shekara, da shi ake tafiyar da aiki. Gwamnati ke naɗa shugabannin tashar, kuma ministan watsa labaru yana sa ido kan abin da ake faɗi. A 1963 ma, minista Alain Peyrefitte ya fito da kansa cikin labaru, yana bayanin sabon tsarinsu. Ƴan adawa kuwa ba a cika ba su bakin magana ba.

A watan Mayu 1968, ɗalibai da ma'aikata suka yi babbar zanga-zanga a Faransa. Ƴan jaridar telebijin su ma suka shiga yajin aiki, suna neman a bar su su faɗi gaskiyar abin da ke faruwa. Da ƙura ta lafa, aka kori da yawa daga cikinsu. A watan Oktoba na wannan shekara aka fara tallan hajar kamfanoni a tashar.

A 1974 aka yi doka, aka rarraba babbar ma'aikatar rediyo da telebijin ta ƙasa gida bakwai. A watan Janairu 1975 tasha ta farko ta samu sabon suna, TF1. Daga nan ta riƙa komawa hoto mai launi sannu-sannu.

A 1986, gwamnatin firaminista Jacques Chirac ta yanke shawarar saida tashar. A watan Afrilu 1987 aka ba da rabinta ga Bouygues, kamfanin gine-gine da hanyoyi, tare da abokan haɗin gwiwarsa. Sun biya miliyar 3 na kuɗin Faransa na lokacin. Sauran rabin aka saida wa jama'a da ma'aikatan tashar. Wasu tashoshi biyu, waɗanda ake kira France 2 da France 3 a yau, suka tsaya hannun gwamnati.

Tun daga ranar, TF1 ba ta samun ko tamma daga harajin akwati. Da kuɗin talla take rayuwa. Masu talla kuwa suna biya da yawa in masu kallo suna da yawa. Shi ya sa tashar ke neman abin da zai tara jama'a, kamar wasanni da fina-finai da ƙwallon ƙafa. Ranar 12 ga watan Yuli 1998, da Faransa ta ci Barazil 3 da 0 a wasan ƙarshe na kofin duniya, mutum fiye da miliyan 20 suka kalli wasan a TF1.

Hausawa sun ce: kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Lokacin gwamnati, tashar tana kiyaye ran minista. Lokacin kamfani, tana kiyaye ran masu talla. Saboda haka mai kallo mai hankali ba ya haɗiye duk abin da ya gani. Yakan tambayi kansa: tashar nan ta wane ce, kuma wa ke biyan kuɗinta?

Sababbin kalmomi

tasha: la chaîne
labaru: le journal télévisé
haraji: l'impôt
yajin aiki: la grève
talla: la publicité

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara nuna telebijin a Faris?
2. Yaya mutanen ƙauye suka yi suka samu akwatin kallo?
3. Don me ƴan jarida suka yi yajin aiki a 1968?
4. Wa ya sayi rabin TF1, kuma nawa aka biya?
5. Ina TF1 ke samun kuɗi yanzu?

Aiki

Ku tambayi wani dattijo na unguwarku inda ya fara ganin telebijin, da abin da aka nuna a ranar. Ku rubuta amsarsa cikin jimla biyar, ku karanta wa aji.