Itacen turare: amfaninsa da haɗarinsa

Jama'ar Tarka, manoma da makiyaya, ga hunturu ya shigo. Iska tana tasowa daga gabas da ƙura. A Belbeji da Tanut da ƙauyukan Damargu, gida kaɗan ne ba a jin tari a cikinsa da dare. A wannan lokaci ne mutane suke neman ganyen turare. Shi ya sa darasinmu na yau ya tsaya a kan wannan itace. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman mata masu goyo.

Turare ba itacen ƙasarmu ba ne. Kakanninmu sun san gawo da aduwa da magarya da bagaruwa, amma ba su san shi ba. Asalinsa daga Ostareliya yake, wata ƙasa mai nisa a bayan teku. A can akwai irinsa fiye da 700. Wanda aka fi dasawa a Nijar, a can bakin kogi yake fitowa. Ku riƙe wannan magana, za mu komo gare ta.

Ba shi da wuyar ganewa. Dogo ne, miƙaƙƙe. Ɓawonsa yana saɓulewa ya bar jikinsa fari sumul. Ganyensa siriri ne, yana rataye ƙasa. In ka murje ganyen a tafin hannu ka shinshina, za ka ji ƙanshi mai ƙarfi ya buɗe maka hanci. Daga nan ya samo sunansa.

Ƙanshin nan na wani mai ne da ke cikin ganyen. Ana tatsarsa da tururi. A zuba ganye cikin babbar tukunya mai murfi, a sa tururin ruwa ya ratsa shi. Tururin ya kwashe man, ya bi ta wani bututu mai sanyi, ya koma ruwa. Sai man ya taso sama, a yaɗe shi. Kilo 100 na ganye ba ya ba da abin da ya wuce lita biyu ko uku. Wani mai haɗa magunguna, Joseph Bosisto, shi ya soma tatsarsa don sayarwa a Ostareliya a shekarar 1852. Man zafin nan Vicks da ake shafawa a ƙirji yana da man turare a ciki.

To, mene ne turare yake yi wa mai mura? Yana sa shi ya ji hanci ya buɗe, majina ta yi sauƙin fita, ya samu barci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya kwana uku yana numfashi da baki. Amma sauƙi ne yake kawowa. Mura da kanta take tafiya cikin kamar mako guda.

Ga yadda babba zai yi surace. A wanke ganye cikin hannu ɗaya. A tafasa ruwa, a sauke tukunyar daga wuta, a aje ta ƙasa inda ba za ta kife ba. A zuba ganyen. A lulluɓa da zane, a rufe ido, a shaƙi tururin na minti biyar zuwa goma. In an ji jiri ko ƙirji ya ɗaure, a yaye zanen nan take. Mai ciwon asma ya tambayi likita tukuna. Ƙananan yara kuwa ba a yi musu surace, don ruwan zafi ya sha ƙona yara a wajen wannan aiki.

Yanzu ga babbar magana. Ganye daban, man kwalba daban. Man da aka tatsa ba a shan sa, ko kaɗan. Wasu suna cewa ai daga itace ya fito, ba zai cuci mutum ba. Tumfafiya ma tsiro ce, wa yake zuba nononta a ido? Ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya na man turare yana iya sa yaro amai da magagi da jijjiga, har ya suma. A ɓoye kwalbar inda hannun yaro ba ya kai. Kada a ɗiga wa jariri a hanci. Kada a shafa man zafi ga yaron da bai kai shekara biyu ba. In yaro ya sha bisa kuskure, kada a sa shi amai, a kai shi gidan likita ba tare da jira ba.

Wasu kuma suna dafa ganyen don zazzaɓin sauro. Wannan kuskure tsoho ne, Turawa ma sun yi shi. Wajen 1870 an dasa turare da yawa a fadamun Italiya da Aljeriya, da zaton ƙanshinsa yana korar cutar. A 1897 wani likita, Ronald Ross, ya gano a Indiya cewa sauro ne yake ɗauke da ita. Inda itacen ya taimaka, ruwan da sauro ke ƙwai a ciki ya shanye. Saboda haka mai zazzaɓi ya je a gwada jininsa.

Uwa ta koyi ƙirga numfashin ɗanta. Yaro yana kwance ba ya kuka, a yaye rigarsa, a duba agogo ko salula minti ɗaya. Mai wata 2 zuwa wata 11, in numfashinsa ya kai 50, ya yi sauri. Mai shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi sauri. Haka kuma in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, ko ya ƙi nono. Wannan ba mura ba ce, alamar ciwon huhu ce, kuma tana kisa cikin kwana kaɗan. Ko da amalanke ne, a kama hanyar likita a ranar. Babba ma, in tari ya wuce mako biyu, ya je a duba shi ko tarin fuka ne.

Mu koma ga maganar bakin kogi. Turare yana girma da sauri, yana ba da azara da makamashi, in an sare shi kuma yana tofowa. Amma mai ƙishirwa ne. Saiwarsa tana yaɗuwa nesa, hatsi ba ya kyau a gindinsa, dabbobi kuma ba su damu da ganyensa ba. Gawo ya fi shi a gona nesa ba kusa ba, don yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, tumaki kuma su ci ƴaƴansa. A Damargu, inda ruwan sama kaɗan ne kuma rijiya take da zurfi, turare bai dace da tudu ba. Tun 1975 ake dashen itatuwa a Nijar ranar 3 ga Agusta. Wanda yake son turare a wannan rana, ya nemi shawarar ma'aikacin gandun daji, ya dasa ɗaya ko biyu a kwari ko inda ruwan wanka yake gangarawa, nesa da rijiya da garka. Ganyen itace guda ya ishi unguwa surace har hunturu ya wuce.